Makaho, gurgu da bebe: Naƙasa da ikon mulkin mallaka a ƙagaggun labaran bayan 'yanci

A shekarar 1979 marubuciyar Senegal Aminata Sow Fall ta wallafa wani ɗan ƙaramin littafi da Faransanci mai suna La Grève des bàttu, wato yajin aikin masu ƙoƙon bara. A cikin labarin, gwamnati ta umarci wani babban jami'in tsaftar birni, Mour Ndiaye, da ya share makafi da guragu da kutare daga titunan babban birnin ƙasar, domin kada ganinsu ya kori baƙi masu yawon buɗe-ido. Aka bi su da kamu da duka har wasu suka rasa rayukansu. Sauran suka tattara a wani gida da ke bayan gari, suka sha alwashin ba za su sake miƙa ƙoƙo a bakin titi ba.

Ba a daɗe ba Mour ya sa ido a kan kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Malamin da ya duba masa ya ce buƙata za ta biya ne kawai idan ya yanka sa, ya kasa naman kashi 77, ya bi tituna da ƙafarsa ya raba wa mabarata a wuraren da suka saba zama. Sai dai titunan wayam, kuma shi ne ya share su. Ya je har inda suke ya roƙa, ya zuba kuɗi, suka karɓi kuɗin suka yi zamansu. Muƙamin ya tafi hannun wani.

Wannan labari na cikin jerin littattafan da manazarta adabi ke komawa gare su idan ana batun alaƙar da ke tsakanin naƙasa da ikon mulkin mallaka. Tun daga shekarun 1960, marubutan ƙasashen da Turawa suka mallaka a Afirka da Asiya suke ta cika labaransu da makafi da kurame da guragu da masu taɓin hankali. Tambayar da ake ta muhawara a kanta ita ce: waɗannan taurari mutane ne masu rai da buƙata da ra'ayi, ko kuwa alamu ne kawai da marubuci ke aro domin ya siffanta ƙasar da aka ji wa rauni?

Me ake nufi da wannan fanni?

Adabin bayan mulkin mallaka shi ne rubuce-rubucen da suka fito daga ƙasashen da dauloli irin su Birtaniya da Faransa da Beljiyam da Fotugal suka mulka, waɗanda ke waiwayar wannan mulki da abin da ya bari. Shi kuwa nazarin naƙasa, fanni ne da ya bunƙasa a Birtaniya da Amurka tun daga shekarun 1970 da 1980. Ginshiƙinsa shi ne rarrabewa tsakanin larurar da ke jikin mutum da kuma shingen da al'umma ke gina masa. Rashin ƙafa larura ce. Matakalar da ta hana gurgu shiga kotu kuwa aikin mutane ne.

Da aka haɗa fannonin biyu sai aka ga cewa mulkin mallaka ya taɓa naƙasa ta fuskoki uku. Ya naƙasa jikin mutane da yaƙi da aikin tilas da azabtarwa. Ya ari kalmomin rashin lafiya da gazawa ya liƙa wa al'ummomi sukutum domin ya halatta mulkinsu. Sannan ya bar dokoki da gidajen killacewa waɗanda gwamnatocin bayan 'yanci suka gada suka ci gaba da aiki da su.

Fuska ta biyu a rubuce take. Sashe na 22 na yarjejeniyar da ta kafa tsohuwar Majalisar Ƙawancen Ƙasashe a 1919 ya kira mutanen yankunan da aka ƙwace daga Jamus da Daular Usmaniyya al'ummomin da ba su kai ga iya tsayawa da kansu ba, don haka aka damƙa su amana ga wasu dauloli. A ƙarƙashin wannan tsari ne Faransa da Birtaniya suka raba Kamaru da Togo. Frederick Lugard ma, a littafinsa na 1922 kan tsarin mulkin Birtaniya a Afirka, ya kamanta 'yan Afirka da yara. Wanda aka ce bai iya tsayawa ba, ai an samu hujjar riƙe shi.

Mulkin da ya bar tabo a jiki

Daga 1885 zuwa 1908 Kwango mallakin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ce shi kaɗai. Ƙauyukan da suka gaza kawo adadin robar da aka yanka musu sun sha azaba, kuma an yanke hannuwan mutane da dama, har da yara. Hotunan da wata 'yar mishan ta Birtaniya, Alice Seeley Harris, ta ɗauka, da rahoton Roger Casement na 1904, su suka tayar da hankalin Turai. A ɓangaren Faransa kuwa, aikin shimfiɗa layin dogo daga Brazzaville zuwa gaɓar teku tsakanin 1921 da 1934 ya ci rayukan leburori aƙalla 17,000, kuma da yawansu daga kudancin Chadi aka kwaso su.

A Kenya, dokar ta-ɓacin da Birtaniya ta kafa daga 1952 zuwa 1960 domin murƙushe 'yan gwagwarmayar Mau Mau ta bar dubban mutane da raunin da bai warke ba. Sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya fam miliyan 19.9 a shari'ar da ta shafi tsofaffi 5,228 da aka azabtar.

Ngugi wa Thiong'o ya shigar da wannan zamani cikin A Grain of Wheat na 1967. Akwai wani saurayi a ciki mai suna Gitogo, kurma ne kuma bebe, ƙaƙƙarfa, wanda ke aikin ƙarfi yana ciyar da tsohuwar mahaifiyarsa. Ranar da sojoji suka yi wa garin ƙawanya ya ruga gida domin ya kare ta. Aka daka masa tsawa ya tsaya, bai ji ba, aka harbe shi ta baya, aka lissafa shi cikin 'yan ta'addan da aka kashe. Labarin Gitogo bai wuce 'yan layuka ba, amma ya nuna irin ikon da ke ba da umarni ba tare da ya damu ko an ji ba.

A littafin kuma akwai Githua mai ƙafa ɗaya, wanda ke yawo yana cewa harsashin Turawa ne ya cinye masa ƙafa a fagen gwagwarmaya, sai daga baya aka gano haɗarin mota ne. Ngugi bai kawo shi don a yi dariya kawai ba. Githua ya fahimci cewa a sabuwar Kenya rauni iri biyu ne: wanda ake yi wa jinjina da wanda ake kau da kai daga gare shi.

Shekara goma bayan haka, a Petals of Blood na 1977, sai ga Abdulla, wanda shi da gaske a gwagwarmayar ya rasa ƙafarsa. Ya iso ƙauyen Ilmorog da jaki da ɗan ƙaramin kanti. Da ci gaba ya zo garin da bankuna da manyan 'yan kasuwa, sai aka ture shi gefen titi yana tallar lemo da fatun tumaki, alhali wanda ya ci amanar 'yan gwagwarmaya ya zama attajiri. Ƙafar Abdulla ita ce kuɗin da aka biya aka sayi 'yanci, wasu kuma suka ci riba.

Likita da mai mulki

Ba jiki kaɗai aka taɓa ba. A Aljeriya, likitan ƙwaƙwalwa Antoine Porot da ɗalibansa sun koyar da cewa ɗan Arewacin Afirka mutum ne mai ƙarancin tunani da saurin tashin hankali tun daga halittarsa. A Kenya, J.C. Carothers, wanda ya shugabanci asibitin masu taɓin hankali na Mathari a Nairobi, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi a 1953 kan tunanin ɗan Afirka, sannan a 1954 ya rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka rahoton da ya fassara boren Mau Mau a matsayin matsalar ƙwaƙwalwa maimakon rikicin ƙasar noma da 'yanci.

Wanda ya fi kowa mayar musu da martani shi ne Frantz Fanon, ɗan tsibirin Martinik, wanda ya yi aiki a asibitin Blida na Aljeriya daga 1953 zuwa 1956. A babin ƙarshe na littafinsa na 1961, Les Damnés de la terre, ya zayyana marasa lafiyar da ya duba, waɗanda aka azabtar da ma waɗanda suka yi azabtarwar. Hujjarsa ita ce mulkin mallaka da kansa ne ke ƙera cutar da yake zargin mutane da ita.

Daga gabatarwar da Jean-Paul Sartre ya yi wa wannan littafi ne marubuciyar Zimbabuwe Tsitsi Dangarembga ta samo sunan littafinta na 1988, Nervous Conditions. Nyasha 'yar shugaban wata makarantar mishan ce a tsohuwar Rodeshiya. Ta yi ƙuruciyarta a Ingila, ta dawo ta manta yawancin harshen Shona, ta rasa gurbi a tsakanin abin da mahaifinta ke so ta zama da abin da boko ya koya mata. Ta fara ƙin abinci, in an tilasta mata ta ci sai ta je ta amayar, har ta rame ƙwarai. Wani dare ta kama littafin tarihinta na makaranta ta yayyage shi da haƙori. Da aka kai ta wurin wani Bature likitan ƙwaƙwalwa, sai ya ce 'yan Afirka ba sa irin wannan ciwo. Tsarin da ya jefa ta cikin larurar shi ne kuma ya hana ta ko da sunan larurar.

Kafin ita, a 1961, Cheikh Hamidou Kane na Senegal ya wallafa L'Aventure ambiguë, labarin Samba Diallo, yaron da aka cire daga makarantar allo aka sa a boko har ya kai birnin Paris. A gefen labarin akwai wani mutum da gari ke kira mahaukaci, wanda ya je ƙasar Turawa ya dawo a birkice, yana yawo da tsohuwar rigar soja. Shi ne ya kashe Samba a ƙarshe saboda ya ƙi yin salla. Mutumin na tuna wa mai karatu dubun-dubatar sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kai yaƙe-yaƙen duniya biyu, waɗanda wasunsu suka dawo ba ƙafa, wasu ba natsuwa.

Wanda aka hana magana

Marubucin Afirka ta Kudu J.M. Coetzee, wanda ya samu kyautar Nobel a 2003, ya bi wata hanya dabam. A Waiting for the Barbarians na 1980, shekara uku bayan mutuwar Steve Biko a hannun 'yan sanda, wani alƙali a garin kan iyakar wata daula marar suna ya tsinci wata yarinya tana bara. Jami'an tsaron daular sun karya mata idon sawu, sun lalata mata gani. Alƙalin ya kai ta gidansa, yana wanke mata ƙafafu kowane dare, yana bin tabon jikinta kamar mai son karanta wani rubutu. Sannu a hankali ya gane cewa tsakaninsa da Kanar Joll, wanda ya azabtar da ita, tazarar ba ta da yawa, domin su duka biyun wata amsa suke nema daga jikinta. Har labarin ya ƙare ba a faɗi sunanta ba.

A Foe na 1986, Coetzee ya sake ba da tsohon labarin Robinson Crusoe na Daniel Defoe, wanda ya fito a 1719. A wannan karon Friday, baƙin bawan da ke tsibirin, ba shi da harshe, an yanke. Baturiyar da ke ba da labarin ta yi iya ƙoƙarinta ta san wanda ya yanke, ko 'yan cinikin bayi ne ko ubangidansa, ba ta samu amsa ba. Wasu manazarta na ganin wannan gaskiya ce mai ɗaci: tarihin bayi ba ya faɗuwa a bakin waɗanda suka mallake su. Wasu kuma na cewa Coetzee ya sake mayar da bebe kamar ƙofa a kulle, alhali a zahiri bebaye suna da hanyoyin zance, kuma suna da abin faɗa.

Sabbin masu mulki, tsohuwar tsintsiya

Littattafan Senegal guda biyu sun fi kowane nuna yadda gadon ya wuce daga hannu zuwa hannu. Korar waɗanda ake gani ƙazanta ne daga tsakiyar Dakar ta girmi 'yancin ƙasar. A 1914, bayan ɓarkewar annoba, hukumomin Faransa suka tashi 'yan ƙasa daga tsakiyar birnin suka kafa musu unguwar Medina. Bayan 'yancin 1960, gwamnatin Léopold Sédar Senghor ta riƙa kiran mabarata da kutare da masu taɓin hankali cunkoson mutane da ya kamata a kawar. A 1976 aka yi dokar da ta keɓe wa kutare ƙauyuka na musamman, kuma ba a soke ta ba sai a 2023.

A wannan yanayi ne Ousmane Sembène ya rubuta Xala a 1973, ya kuma mayar da shi fim. El Hadji Abdou Kader Bèye na cikin 'yan kasuwar da suka karɓi cibiyar ciniki daga hannun Faransawa, ko da yake a zahiri dillalai ne kawai na kamfanonin waje. Daren da ya tare da amaryarsa ta uku sai ya tarar an ɗaure shi, mazakuta ta mutu. Ya bi malamai da bokaye, dukiya ta ƙare, abokai suka kore shi. A ƙarshe wani mabaraci da ya daɗe yana zama a ƙofar ofishinsa ya bayyana cewa shi ne ya yi ɗaurin, domin El Hadji ya taɓa murɗe takardu ya cinye gonakin danginsu, ya kuma sa aka ɗaure shi a kurkuku. Sharaɗin warwarewa shi ne ya tuɓe tsirara a cikin gidansa, makafi da guragu da kutare su tofa masa yawu.

Aminata Sow Fall kuwa ta ɗauki wani abu da kowane mai karatu a Sahel ya sani, ta juya shi. An saba ɗauka cewa hannun mai bayarwa ne a sama. Mabaratanta, ƙarƙashin jagorancin wata mace mai suna Salla Niang da wani makaho Nguirane Sarr, sun gane cewa masu ba su sadaka ba don tausayi kaɗai suke yi ba. Wani neman muƙami yake, wani maganin mugun mafarki, wata neman zaman aure. Ashe su ma suna da abin da ake buƙata, kuma suna iya hanawa. Hausawa na cewa in makaho ya ce a yi wasan jifa, to ya taka dutse. Littafin ya ci babbar kyautar adabin baƙar fatar Afirka a 1980, kuma Cheick Oumar Sissoko na Mali ya mayar da shi fim a 2000.

Jikin yaro a matsayin taswirar ƙasa

A kudancin Asiya ma jigon ya yi ƙarfi. Bapsi Sidhwa ta Pakistan, wadda ita kanta ta yi fama da shan-inna tana ƙarama, ta wallafa Ice-Candy-Man a 1988, aka sake fitar da shi a Amurka da sunan Cracking India. Mai ba da labarin, Lenny, yarinya ce mai shan-inna a birnin Lahore a lokacin da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, rabuwar da ta tarwatsa miliyoyin mutane. Yana da sauƙi a ce ƙafar Lenny ita ce ƙasar da aka karya, musamman da yake likitanta a labarin ya ɗora wa Turawan Ingila laifin kawo cutar. Sai dai Sidhwa ba ta bar ta a alama ba. Lenny na jin daɗin gatan da ƙafar ke jawo mata, tana fargabar a warkar da ita ta zama kamar kowa, kuma da yake ba a tsare ta a makaranta ba, sai ta bi mai renonta ko'ina, ta ga abin da sauran yara ba su gani ba.

Indra Sinha ya kawo batun zuwa zamanin kamfanonin ƙetare a Animal's People na 2007. Garin da ke labarin ƙirƙirarre ne, amma kowa ya san Bhopal ake nufi, inda iskar gas mai guba ta ɓalle daga masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide na Amurka a daren 2 ga Disamban 1984, ta kashe dubban mutane. A 1989 aka sasanta a kan diyyar dala miliyan 470, wadda waɗanda abin ya shafa suka ce ta yi kaɗan. Tauraron littafin matashi ne da gubar ta lanƙwasa masa ƙashin baya har yana tafiya da hannu da ƙafa. Bakinsa ba linzami, yana da zolaya da kishi da sha'awa, kuma ya tsani 'yan jaridar da ke zuwa neman labarin tausayi. Da damar yi masa tiyata a Amurka ta samu, sai ya auna: a lungunan garinsu keken guragu ba ya shiga, da sanda kuwa ba zai yi saurin da yake yi yanzu ba. Ya zaɓi ya zauna yadda yake.

Muhawarar manazarta

A shekarar 2000 Amurkawa biyu, David Mitchell da Sharon Snyder, suka yi bayanin cewa adabi na yawan dogara da naƙasasshe kamar yadda gurgu ke dogara da sanda: labari ya jingina da shi ya kai inda za shi, sannan ya warkar da shi ko ya kashe shi ko ya manta da shi. A 2007 masanin adabi ɗan Ghana Ato Quayson ya wallafa Aesthetic Nervousness, inda ya nazarci Samuel Beckett da Toni Morrison da Wole Soyinka da Coetzee. Ya nuna cewa rubutu kan daburce idan ya ci karo da naƙasa, kamar yadda mai lafiya kan rasa inda zai sa idonsa idan ya haɗu da kuturu a hanya. Clare Barker ta Jami'ar Leeds, a littafinta na 2011, ta ce bai kamata a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba: yaran da ke cikin waɗannan labarai alamu ne na ƙasa, kuma a lokaci guda yara ne da ke buƙatar magani da makaranta da abinci.

Akwai wani kulli da ya fi wannan wuyar kwancewa. Masu fafutukar haƙƙin naƙasassu a Turai da Amurka sun yi shekaru suna cewa naƙasa ba masifa ba ce, wani nau'in rayuwa ne da ake iya alfahari da shi. To yaya za a faɗa wa wanda aka yanke wa hannu a Kwango, ko wanda guba ta makantar a Bhopal? Masana irin su Helen Meekosha ta Ostireliya sun ce dole a riƙe abu biyu tare: a la'anci ikon da ke naƙasa mutane, ba tare da an mayar da waɗanda suka naƙasa abin ƙyama ko shaidar kotu kawai ba. Littattafan da suka fi daɗewa a zukatan masu karatu su ne waɗanda suka iya riƙe biyun.

Ina ƙasar Hausa a wannan zance?

Mulkin mallaka bai ƙirƙiro ƙyamar naƙasassu a ƙasar Hausa ba, bai kuma tarar da su ba tsari ba. Garuruwa irin su Kano da Zariya da Katsina suna da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, masu sasanta rigima da wakiltar jama'arsu a fada, kuma irin wannan tsari ya bi Hausawa zuwa wasu zangonni. Harshen kansa cike yake da aron naƙasa domin yin misali, daga baƙon da ake cewa makaho ne ko da idonsa, zuwa kuturun da in da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano.

Abin da zamanin Turawa ya ƙaro shi ne killacewa a hukumance. An buɗe gidan masu taɓin hankali na Yaba a Legas a 1907, kuma dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga ta 1916, ta ci gaba da aiki a Najeriya har zuwa lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023. A Arewa, inda aka taƙaita wa 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi, sansanonin kutare ne suka buɗe musu ƙofa a shekarun 1930, a wurare irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A nan magani da wa'azi da ikon hukuma suka haɗu a kan jikin majinyaci guda.

A fagen adabi kuwa, Soyinka ya sa wani makaho Musulmi daga Arewa a wasan kwaikwayonsa The Swamp Dwellers, mutumin da ya yi doguwar tafiya zuwa Kudu yana neman gonar da zai noma da hannunsa maimakon sadaka. Ƙasar Hausa kuma tana da misalin naƙasasshen da shi ne mai alƙalami: Aliyu Namangi, makahon sha'irin Zariya mai waƙar Imfiraji, wadda makafi suka daɗe suna rerawa a kasuwanni da ƙofofin gidaje, kuma jami'o'i ke nazarta a yau.

Abin da ya rage a kan titi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, na rayuwa da babbar naƙasa, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu tasowa suke. Majalisar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin naƙasassu a 2006, Najeriya kuma ta sa hannu a dokar hana nuna musu wariya a Janairun 2019.

Duk da haka, samamen da Aminata Sow Fall ta zayyana bai zama tarihi ba. Gwamnatocin birane daga Legas zuwa Kano zuwa Abuja sun sha haramta bara da kwashe mabarata a motoci. A 2022 aka mayar da ɗaruruwan 'yan Nijar gida daga titunan Dakar da na Accra, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga jihar Damagaram. Hujjojin da ake bayarwa, wato tsafta da tsaro da mutuncin ƙasa a idon baƙi, su ne dai waɗanda aka bai wa Mour Ndiaye a 1979, kuma tsafta ce hujjar da aka bayar lokacin da aka kafa Medina a 1914.

A littafin, Mour ya koma gida ya zauna gaban talabijin, ya ji an sanar da sunan wani a kujerar da ya yi ta nema. Mabaratan kuwa suna can gidan Salla Niang, kuma masu neman biyan buƙata ne ke bin layi da sadakarsu zuwa wurinsu.